Na Aiko Miki da Waigin Mota

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai iya kiranta da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau kamar yadda muke a nan Durun. Ya baƙunta? Ya karatu, ya malamai, ya sababbin ƙawaye? Ya kuma tuwon makarantar kwana, wanda na ji an ce sai mai imani? Allah Ya tsare ki dare da rana, Ya raba ki da ciwo da mugun abokin zama, Ya buɗa miki kai. Innarki tana gaishe ki. Ƙanwarki Safiya ma tana gaisuwa, har yau a kan tabarmarki take kwana, ta hana kowa ya naɗe ta.

Malama Rifkatu ce za ta kawo miki saƙon nan, malamarku ta kimiyya a ƙaramar sakandare, tunda za ta bi ta wajenku a hanyarta ta zuwa ganin gida Filato. Za ta ba ki ƙulli biyu. Ɗaya ƙuliƙuli ne da garin kunu daga Innarki. Ɗayan mai nauyin nawa ne, kuma kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshen takarda. Na san halinki, hannunki ya riga ya kai kansa. Janye.

Uwata, yau murna nake yi ba kaɗan ba. Ina da albishir, amma sai mun fara kashe wata magana. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to na Innarki don tuwo kaɗai aka yi shi. Kin ce mata kada ta gaya mini, ranar da kika tafi ba a kira magariba ba sai da na ji komai. Wai zango ɗaya za ki yi a makarantar kimiyya, da an yi hutu ki tattaro kayanki ki dawo ta jeka-ka-dawo ta nan kusa, inda ba ajin kimiyya, saboda ba mai cire wa Baba waigin da ake tokare taya da shi da safe, ba mai tura masa mota. Da na ji haka na fita zaure na zauna, na rasa dariya zan yi ko kuka. Jarrabawar da 'yan mata suka cika makaranta suka zauna, Allah Ya ba ki sa'a, sai ki ajiye ta saboda wata tsohuwar akori-kura da kik ɗinta, wato abin tayar da injin, ya gaji da duniya tun kina goye? Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Na san abin da yake cin ranki. Shekara da shekaru, kullum bayan asuba nakan shiga mota in taka birki, ke kuma ki zare dutsen nan da muke tokare taya da shi, ki zaga baya ki sa kafaɗa har ta fara gangarawa, in saki kuloci a giya ta biyu ta kama. Sauran direbobi da kansu suke turawa, su ruga su faɗa ciki. Ni ƙafata ta hagu ba ta ba ni wannan dama. To daga ƙafar zan fara, don duk wautar da na yi a rayuwa, da kika fara kawo littafin nan na fiziks gida sai na tarar an riga an rubuta ta a ciki.

Ina saurayi ina bin wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa daga Gwarzo. Muka shigo tashar Kabo, 'yan mata masu talla sun jeru a bakin hanya, ni kuwa na sa sabuwar hula. Mota ba ta tsaya ba, na ce bari in nuna musu ɗan zamani. Na juya baya ga inda muka nufa, na haɗe ƙafafu, na diro kamar mai dirowa daga katanga. Abin da na sani kawai ƙasa ta riƙe ƙafata, sauran jikina ya wuce. Hula ta yi gabas, ni na yi yamma, gwiwa ta ce ƙas. Shekaru ina gaya wa mutane kambun baka ne, wata mai tallan dafaffiyar gyaɗa ce ta ce kai, yaron nan da kyau yake. Sai bara, muna zaune a tsakar gida ina ba da labarin, kika ajiye cokali kika ce, "Baba, wallahi ba bakin kowa ba ne. Lokacin da kake kan mota, gudun da take yi kai ma kana yin sa. Da ka diro, ƙafarka ta tsaya, jikinka bai samu labari ba, ya ci gaba da tafiya." Innarki ta yi dariya har ta ƙware. Kika buɗe littafi kika karanta mana dokar wani Bature da sunansa ya ɓace mini: abin da yake tsaye ba ya motsi sai an tura shi ko an ja shi, abin da yake tafiya kuma ba ya tsayawa ko ya karkata sai wani ƙarfi ya tilasta shi. Na kwana ina juya maganar, na kuma nemi gafarar mai tallan gyaɗa a raina, baiwar Allah na ɗora mata laifi a banza.

Don haka, Uwata, kada ki yi abu don a gani. A aji za ki tarar da 'yan birni masu zuba Turanci kamar ruwan famfo, za ki ji kamar ki gyaɗa kai tare da su ko ba ki gane ba. Kada ki gyaɗa. Ɗaga hannu ki ce a maimaita. In sun yi dariya, dariya ba ta karya gwiwa. Kuma ko adaidaita-sahu kika hau, sai ta tsaya cik sannan ki sauke ƙafa.

Sai maganar kabewa. Wannan kin gani da idonki, don ke kika taya ni tsince gilashi. Na yi lodin kabewa daga Dugabau har ta yi tozo, mai kayan ya ce, "Malam Sani, ba za a ɗaure ba?" Na ce, "Haba Alhaji, kabewa ƙafa gare ta? Nauyinta ma ya ishe ta zama." Muna cikin tafiya wata akuya ta faɗo hanya da 'ya'yanta, na taka birki iya ƙarfina. Mota ta tsaya. Kabewa ba ta tsaya ba. Wata ƙatuwa ta fasa gilashin baya ta zo ta zauna tsakanina da Alhaji, saura suka bi ta saman kai suka tarwatse a titi, akuyar da na ceta ta dawo tana ci. Alhaji bai ce mini komai ba sai "Ashe tana da ƙafa." Ni a lokacin cewa na yi kabewa ta yi tsalle. Ke kika ce ba tsalle ta yi ba, tafiyarta take yi tun daga Dugabau, birki kuma taya ya kama, bai kama kabewa ba. Abin da zai kama kabewa igiya ce, igiyar kuwa tana ƙarƙashin kujerata a naɗe.

Tun daga ranar ba na tashi sai na ɗaure kaya, ni ma in ɗaure kaina da bel. A tasha har suna mini tsiya, wai ga direban gwamna. Nakan ce musu ni kabewa ce mai hankali. Wata rana na ɗauko Malama Rifkatu daga Kabo na ba ta labarin, ta ce, "Baban Hauwa, ai ka gama doka ta farko. Ga ta biyu: in motarka ba kaya, da in ta sha buhunan masara, yaushe birki ya fi saurin tsayar da ita?" Na ce, "Malama, wannan ai ko makaho ya sani. Mai kaya sai ka fara lallashinta tun daga nesa." Ta ce, "To shi ke nan. Iya nauyin abu, iya ƙarfin da ake bukata kafin a sauya masa gudu, ko a ƙara ko a rage." Na buga sitiyari na ce, "La ilaha illallahu! Ashe abin da nake yi da ƙafata kullum, shi aka sa a littafi!" Ta ce, "Shi ne, sai dai littafi yana gaya maka tun kafin gilashi ya fashe." Wannan magana ta shige ni. Ni sai abu ya buge ni nake gane shi, ke ana koya miki tun bai taso ba. Ki ɗaure karatunki tun farkon zango, kada ki bari sai jarrabawa ta faɗo hanya kamar akuyar nan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wadda ban taɓa ba ki labarinta ba, don ba a haife ki ba, kuma Innarki tana cikin motar, ita ma ba ta son a tuna. Da damina ne, na kwashi 'yan ɗaurin aure zuwa Mainika, maza a baya sun sha manyan riguna farare fat da shuni. Muka faɗa wani kwari, mota ta kafe a laka. Na leƙo na ce, "Jama'a, a taimaka a tura." Suka dubi laka, suka dubi rigunansu. Wani dattijo mai dabara ya ce, "Ai ba sai mun sauka ba, mu tura daga nan." Suka miƙe tsaye a cikin bodi, suka dafa kan mota, ana "Ya Allah! Ya Allah!" Ni kuma, Allah Ya yafe mini, ina ba su ƙarfin gwiwa, ina cewa, "Ƙara dai! Ta kusa!" Ƙarti goma sha suna nishi, jijiyar wuya ta tashi, mota ko gezau. Ina ta ba ta wuta, taya tana juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Ga tayoyin nan sumul, don a lokacin ina ganin taya mai santsi ta fi gudu. Sai da aka sauka aka cusa kara da duwatsu a ƙarƙashin taya, aka kafa ƙafa a ƙasa aka tura, sannan ta fita. Ta kuma yi musu feshin laka daga hula har takalmi. Muka isa an shafa fatiha, ana rabon goro.

Da kika zo kan doka ta uku, kina karantawa a zaure da ƙarfi, wai duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai wa daida, sai na tuna Mainika. Hannunsu yana tura mota gaba, ƙafarsu tana tura ta baya, an tashi canjaras. Mai son ya motsa mota sai ya taka abin da ba mota ba. Kika kuma ce taya ma ƙasa take turawa baya, ƙasa ta tura ta gaba, in ba kamu tsakaninsu ba tafiya, shi ya sa ake yi wa taya zane. Uwata, za ki samu ƙawaye iri biyu. Akwai masu cewa "muna tare da ke" alhali ba sa son laka ta taɓa rigarsu. Akwai wadda za ta zauna da ke a kan lissafin da ya kafe har ya fita. Ki riƙe ta biyun, ke ma ki zama irinta ga wata, ko 'yar wane gari ce, ko wane addini take bi. Dubi yadda Malama Rifkatu, da ba garinmu ɗaya ba, ta tsaya miki a kan karatu.

To yanzu ga albishir, ki gyara zama.

Kin tuna sau nawa kika ce in daina ajiye mota a ƙofar gida, in kai ta can kan tudu wajen masallaci? Kika ce gangaren ƙofar gidanmu gajere ne, shi ya sa sai an tura, amma in ta taso daga sama, jan da ƙasa take yi mata zai yi ta ƙara mata gudu, kafin ta kai gindin tsamiya ta samu abin da injin yake so. Na ce a'a, ni ina son ina zaune a zaure ina ganin motata, kuma ba na son a ce 'yar cikina ce take koya mini tuƙi. Girman kai rawanin tsiya. Kika ci gaba da sa kafaɗa.

Da kika tafi na ɗanɗana kuɗata. Safiyar farko na zauna a mota ina jiran mai wucewa, kowa ya yi gona, har rana ta take, masu kayan da suke jirana a Kabo suka hau wata motar. Innarki ta ce za ta fito ta tura, na ce da bayanta mai ciwo, ba da ni ba. Kashegari na haɗiye girman kan na kai mota tudu. Saura waigi, wa zai zare? Na ɗaura wa dutsen igiya na ja daga taga, igiya ta suɓuce, don dutsen ya sha hannu ya yi sumul. Na je wajen kafinta ya yanko mini guntun katako mai baki kamar gatari, ya huda shi, na zura igiya. Na shiga, na taka birki, na ja. Taya ta danne shi, ko motsi. Na ƙara ƙarfi har igiya ta tsinke, na ƙwala wa kaina naushi a haɓa. Liman yana fitowa daga masallaci ya ce, "Malam Sani, lafiya, kai da wa?" Na ce, "Ni da ni ne, Allah gafarta Malam."

Na dawo gida haɓa a kumbure, raina a ɓace, har na fara cewa ko dai yarinyar nan gaskiya gare ta. Ina zaune sai idona ya faɗa kan tsohuwar taɓaryar Innarki a jingine. Sai na tuna ranar da kika kawar da turmi shaƙe da jiƙaƙƙen gero ke kaɗai. Kika zura taɓarya a ƙarƙashinsa, kika tokare ta da dutse kusa da turmin, kika danna can ƙarshe da hannu ɗaya, kina cewa, "Inna, iya tsawon sanda, iya sauƙin aiki." Uwata, na miƙe ban san na miƙe ba! Innarki tana "Malam, ina za ka kai mini taɓarya?" ni na riga na kai zaure.

Yau da asuba, bayan an sallame, na shiga mota na bar ƙofa a buɗe. Na ɗaura sabuwar igiya gajera daga katakon zuwa gindin taɓarya, na tokare taɓaryar da dokin ƙofar mota can ƙasa, dogon ɓangaren yana hannuna. Na taka birki, na yi bisimilla, na ja. Fit! Katako ya fice gefe kamar an zare ƙaya, ko nishi ban yi ba. Na jawo su ciki, na rufe ƙofa, na saki birki. Ta fara tafiya a hankali kamar mai jin kunya, ta wuce gidan mai unguwa tana ƙara sauri, ta wuce ƙofar gidanmu Innarki tana leƙe, muna kaiwa gindin tsamiya na saki kuloci. Ta yi tari ɗaya, ta kama! Ta kama, Uwata! Na danna ham har kaji suka watse, Liman da mutanen sahun gaba suna tafi a kan tudu. Abin nema ya samu!

Sai na ɗaga ido na dubi madubi, na ɗaga hannu, kamar yadda na saba ɗaga miki kullum in ta kama, ke kina tsaye a tsakiyar hanya kina kaɗe hijabi. Ba kowa a hanyar. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, ina kuka ina dariya har na shiga Kabo. Na yi kewarki ƙwarai. Amma ki duba da kyau, ba ki nan, kuma ke kika tayar da motar. Kafaɗarki ta tura ni shekaru, abin da yake cikin kanki kuwa ya tura ni yau kina can nesa, zai kuma tura ni gobe da jibi. Wannan da ɗan abin da kika koya a ƙaramar sakandare ke nan. To ina ga kin gama wadda kike ciki?

Yanzu kwance ƙullin.

Dutsenki ne. Kin san asalinsa ɗan dutsen niƙan mahaifiyata ne, mai sunanki. Ta niƙa da shi ta ciyar da ni, ke kuma kin yi ta zare shi kina ciyar da gidan nan. Na wanke shi da sabulu da kaina. In uwar ɗakin kwananku ta tambaya me ya sa babanki ya aiko miki da dutse, ki ce direba ne, haka suke. Ki tokare ƙofa da shi, ko ki danne littafi kada iska ta rufe miki shafi. Na raba shi da gidan nan ne don ki san ba sauran abin da za ki dawo ki zare. Aikinsa a ƙarƙashin taya ya ƙare, naki ma haka. In an yi hutu ki zo hutu, gidan gaba za ki zauna, ki ɗaura bel, ki ga yadda tsohonki yake sarrafa taɓarya. In hutu ya ƙare ni zan mayar da ke da kaina har ƙofar makaranta.

Kuma ina da aike. In na sha kwanar nan ta shiga Gwarzo da ɗan gudu, me ya sa jikina yake karkata waje, alhali ba wanda ya tura ni? Na tambayi Malama Rifkatu ta yi dariya ta ce ta sani, amma ba za ta faɗa ba, a bar wa Hauwa. Ki zauna nan har ki samo mini amsa. In kin kawo, ina da wata, bayanta ma akwai wata, na tara tambayoyin da za su kai ki har jami'a.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki girmama malamanki, ki ci abinci ko ba daɗi. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kai ki inda ƙafata ba ta kai ni ba, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya kamata, ba kafin nan ba. Amin.

Innarki ta ce in gaya miki har yanzu ban mayar mata da taɓaryarta ba. Ki ba ta haƙuri a amsarki, don ba zan mayar ba.

Ni ne mahaifinki mai alfahari da ke,
Malam Sani Direba, Durun.